Gayyar Karatu a Cikin Aji

Da farko ina roƙon malamanmu su yi mini aikin gafara, domin zan tsoma baki cikin sha'anin koyarwa, alhali kuwa shekarata 16 kacal. Amma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa mu ne ke zaune a kan benci tun safe har azahar. Abin da zan yi magana a kansa shi ne wata dabara da malaminmu na Hausa ya kawo mana a zangon da ya wuce, wato raba aji ƙungiya-ƙungiya, a ba kowane ɗalibi aikinsa idan za a tattauna littafi. A ganina dabarar tana da amfani ƙwarai, kuma ya kamata ta bazu zuwa sauran azuzuwa, amma da sharaɗi guda wanda zan ambata nan gaba.

Bari in fara da yadda muke kafin zuwan wannan dabara. Mu 55 ne a ajinmu, littafin da muke nazari kuwa shi ne Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka fara bugawa a 1934. Kwafi 11 kaɗai muke da su. Malam zai tsaya a gaban allo ya karanta, ya yi bayani, sa'an nan ya yi tambaya. Kullum hannuwa huɗu ko biyar ne ke tashi, kuma kullum su ne dai na jiya. Sauran jama'a mu yi tsit, wasu na gyangyaɗi, wasu na lissafin lokacin cin abinci. Ni kaina ina cikin masu shirun. Tun muna aji ɗaya na taɓa ba da amsa, aka kwashe da dariya saboda karin harshen ƙauyenmu, daga ran nan na kama bakina shekara uku cur.

Da Malam ya ga haka, sai ya raba mu ƙungiya 11, kowace mutum biyar da littafi ɗaya, ya ce mu tattauna. Ranar farko abin bai yi kyau ba. A ƙungiyarmu wani mai baki ya kama zance bai saki ba, biyu suka koma hirar ƙwallo, ni da wani muka zuba ido har aka buga ƙararrawa. Ashe tara mutane wuri ɗaya bai isa ba, in ba a faɗa wa kowa abin da ake bukata daga gare shi ba.

Mako na gaba Malam ya zo da ayyuka biyar, mu kuma muka laƙaba musu sunayen da muka saba ji. Na farko Madugu, shi ne uban tafiya: zai zo da tambayoyi uku waɗanda ba a amsa su da i ko a'a, kuma ya tabbata kowa ya yi magana. Na biyu Magatakarda, zai taƙaita babin cikin jimla biyar, ya kuma rubuta abin da ƙungiya ta tsayar. Na uku Sarkin Baka, mai farautar kalmomi masu wuya, ya binciko ma'anarsu a ƙamus ko a bakin manya. Na huɗu Sanƙira, zai zaɓi wurin da ya fi taɓa masa zuciya ya karanta da ƙarfi, ya faɗi dalilin zaɓensa. Na biyar Dillali, aikinsa ya haɗa labarin da abin da muka sani a rayuwa ko a wani darasi. Ana ba da aikin tun kwana biyu kafin darasi, domin kowa ya shirya lokacin karatun dare.

Malam ya gaya mana cewa ba shi ya ƙago wannan hanya ba. A Amurka, a 1984, wasu malamai mata biyu, Annemarie Palincsar da Ann Brown, sun bayyana wata hanyar koyar da fahimtar karatu inda malami da ɗalibai ke karɓa-karɓar jagoranci, ana yin abubuwa huɗu: taƙaitawa, yin tambaya, warware abin da ya shige duhu, da hasashen abin da zai biyo baya. Daga baya, a 1994, wani malami mai suna Harvey Daniels, wanda ya yi aiki da malaman makarantun birnin Shikago, ya buga littafi a kan ƙananan da'irorin karatun adabi, inda ya tsara irin waɗannan ayyuka. Da na ji haka sai na tuna da gayya a ƙauyenmu. Ranar da za a yi wa wani baiban ɗaki, akwai masu yankan ciyawa, akwai masu yanta, akwai masu hawa, kowa ya san nasa, shi ya sa kafin la'asar an gama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu goma ma ba za su ɗauka ba in kowa yana jiran wani ya fara.

Amfani na farko da na gani shi ne mai shiru ya sami bakin magana. Idan aka ce kai ne Sarkin Baka, mutum huɗu suna jiran ka, ba ka da wanda za ka laɓe a bayansa, kuma mai baki ba shi da damar ƙwace maka lokaci. Magana a gaban mutum huɗu kuwa ta fi sauƙi a kan magana a gaban aji guda. A mako na uku aikin Madugu ya faɗo kaina. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da safe na yi ƙarfin hali na jefa tambayata: Abdulkarim, Balaraben da ya karɓi Umar a matsayin bawa, ya ratsa Sahara da shi zuwa Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗansa har ya sa shi karatu, mutumin kirki ne ko kuwa? Nan take gardama ta kaure. Wasu suka ce ba don shi ba da Umar bai zama malami ba. Wasu suka ce a tambayi uwar Umar, wadda ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta har ita ma ta faɗa cikin bauta. Aka buga ƙararrawa ba mu ji ba, kuma babu wanda ya tuna da karin harshena.

Amfani na biyu, dole mutum ya karanta da kansa. A da muna jiran Malam ya tauna ya ba mu, mu haddace, mu amayar ranar jarrabawa. Yanzu wanda bai buɗe littafi ba asirinsa tonuwa yake, kuma kunyar abokai ta fi bulala zafi. Amfani na uku, kowa yana kawo abin da ya sani daga gida. Dillalinmu na wani mako jikan fatake ne, shi ya bayyana mana yadda ayari ke sauka a zango da yadda ake tattalin ruwa a hanya. Wani makon kuma Dillali ya haɗa labarin da darasin tarihi a kan cinikin Sahara tsakanin Kano da Tarabulus. Abin da muke ɗauka darussa biyu ne masu zaman kansu, sai ga shi sun haɗu wuri guda.

To, na san akwai masu suka, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wasu sun ce aji yana cika da hayaniya, ana kuma ɓata lokaci ga jarrabawa tana matsowa. Gaskiya ne akwai surutu, har malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya taɓa leƙowa. Maganin wannan shi ne ƙayyade lokaci. Mu minti 20 ake ba mu, sauran lokacin Magatakardu su karanta wa aji abin da aka tsayar. Game da jarrabawa kuwa, tambayoyin adabi sukan bukaci ka faɗi halin wani cikin labari ka kawo hujja, wanda ya saba kare ra'ayinsa a gaban abokai bai yi asarar lokaci ba. Wasu kuma sun ce makaho zai ja makaho, ɗalibi ya koya wa ɗan'uwansa kuskure. Wannan ma yana faruwa. Shi ya sa Malam ba ya zama a kujera, zagayawa yake yi yana saurare, a ƙarshe ya gyara abin da aka karkace. Dabarar ba ta rage wa malami aiki, sai ma ta ƙara masa.

Yanzu ga sharaɗin da na yi alkawari. Kada wannan aiki ya zama sarautar gado. Na ga wata ƙungiya inda mai ƙoƙarin cikinsu ya riƙe Madugu mako huɗu a jere, aka bar wani ƙaramin yaro da farautar kalmomi kullum. Ka ga an koma gidan jiya, sai dai an canja suna. Dole aikin ya riƙa zagayawa kowane mako, domin cikin mako biyar kowa ya ɗanɗana duka biyar ɗin. Har ila yau na ga inda kowa ke karanta abin da ya rubuto, ya rufe takarda, ya jira na gaba, ba mai amsa wa wani. Wannan jerin gwano ne kawai, ba a tattauna kome ba. Shi kansa Harvey Daniels, da ya sake buga littafinsa a 2002, ya ja kunnen malamai cewa takardun rabon aikin nan na ɗan lokaci ne, a ajiye su idan ɗalibai sun saba. Yaro yakan kama bango lokacin da yake koyon tafiya, amma ba a so ya girma yana dafe da shi. Manufa ita ce wata rana kowannenmu in ya buɗe littafi shi kaɗai, ya yi wa kansa tambaya, ya taƙaita, ya nemi kalma, ya haɗa da rayuwarsa, ba tare da an naɗa masa rawani ba.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga malamanmu na Turanci da Tarihi, don Allah ku gwada wannan hanya ko da sau ɗaya ne a mako. Ga hukumar makaranta, a ba mu izinin zama biyar-biyar na rabin sa'a a lokacin karatun dare, a kuma bar laburare a buɗe domin Sarakunan Baka su sami ƙamus. Ga 'yan'uwana kuwa, musamman masu baki, idan mai shiru ya fara magana ku ba shi haƙuri ya kai aya, kada ku yi dariya. Ni na san abin da dariyar minti ɗaya ta jawo mini.

Nan zan dakata. In na yi kuskure, malamaina su gyara mini. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.