Cuɗe ni in cuɗe ka a cikin tabki

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa tsayawa bakin tabki ka yi tunanin zaman da ake yi a cikinsa? Mu nan ƙasar Magarya da Dungas, Allah ya hore mana tabkuna, musamman a kwarin Korama. Dabbobinmu suna sha, muna ban ruwan garka, muna kuma samun kifin miya. Amma da yawa cikinmu saman ruwan kaɗai muke gani.

A manyan birane akwai masu ajiye kifi cikin akwatin gilashi don ado. Su sun san kifi kaɗai ba ya zama lafiya. Sai sun dasa ciyawar ruwa a ciki, sun sa kifin da ke share ƙasa. In aka rasa ɗaya, ruwan ya ɓaci. To, tabkinmu ma haka yake, girma kawai ya fi.

Dubi yadda abin ke tafiya. Shanu sun zo shan ruwa, sun bar kashi a baki. Kashin nan taki ne, shi ke sa gansakuka ta tsiro. Karfasa ta ci gansakuka ta yi ƙiba. Ciyawar ruwa tana ba kifi iskar shaƙa da rana, kuma cikinta ƙananan kifi ke ɓuya. Tarwaɗa tana bin ƙasa tana tsince abin da ya mutu. Tana cin wasu ɗiyan karfasa ma. Kada ka ce mugunta ce. Karfasa haihuwa gare ta. In ba mai rage ta, sai ta cika tabki, abinci ya kasa, duk su tsumbure. Ɗiyan kifi kuwa suna cin tsutsar sauro tun ba ta yi fiffike ba. Ka ga mu ma mun shiga cikin cuɗayyar.

Abin da ya sa na kawo zancen nan ke nan. Bara na ga samari sun ɗinke sange biyu, sun shiga tabki suna ja. Sangen nan don kare yara daga sauro aka raba shi. Idonsa ƙanana ne, ba ya barin komai. Sun kwaso ɗiyan kifi kamar yatsa, har da uwar karfasa mai ƙwai cike da baki, don a bakinta take renon ɗiyanta. Duk abin bai wuce miyar dare ɗaya ba. Hasara biyu ke nan: yara sun kwana sauro na cizo, tabki kuma ya rasa iri.

Na san abin da za ka ce: «Malam, yunwa ba ta jiran kifi ya girma.» Gaskiyarka. Amma manomi ko ya matsu ba ya dake irin shukarsa. Kifin da ka bari bana, baɗi shi zai cika maka kwano, har ka kai kasuwa.

Shawarata ita ce: ku zauna da maigari da masunta. Ku tsai da lokacin hutun tabki, musamman da damana, lokacin da kifi ke ƙwai. A yi su da taru mai faɗin ido. Wanda ya kama ƙarami ya maida shi ruwa. Sange kuwa ya koma kan gado.

In kun zo aji gobe, kowa ya zo da sunayen kifin da ya sani a tabkin garinsu. Za mu rubuta su a allo, mu ga waɗanda suka rage da waɗanda suka ɓace.