Baƙon da ya zo dashe ya tarar da saiwa

Cikin shekara ta 1981 wani matashin Bature mutumin Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, ya sauka Maraɗi tare da maiɗakinsa. Shekarunsa a lokacin ba su kai 25 ba. Ƙungiyar mishan ta SIM ce ta aiko shi, kuma kaya biyu ya ɗauko: bisharar addininsa na Kirista, da ilimin noma wanda ya karanto a jami'ar ƙasarsu.

Ba shi ne na fari ba. Tun 1924 ƴan SIM suka kafa zango a Damagaram, bayan ƴan shekaru suka buɗe wani a Tsibirin Gobir, a 1950 suka kafa asibitin Galmi, daga bisani kuma gidan jinyar kutare na Danja. Littafi Mai Tsarki ya fito cikin Hausar boko tun 1932, saboda haka harshen wa'azi a shirye suka same shi. Abin da ba ya cikin littafi shi ne zama da mutane. Zafin bazara da ƙurar hunturu da zazzaɓin damina duk masu sauƙi ne, jiki yana sabawa. Mai wuya shi ne mutumin da aka yi wa tarbiyya da agogo ya koyi zama bisa tabarma, ya gaida maigari da gida da gajiya da sanyi, ya sha furar da aka miƙo masa, sa'an nan ya jira a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Haka kuma wanda ya koyi Hausa a takarda yakan sha mamaki ranar da ya fara jin ta a bakin Bagobiri.

Ta fannin wa'azi kuwa, ɗan mishan ya zo ne da labarin Annabi Isa wurin mutanen da suka san sunan tun suna makarantar allo, suna girmama shi, suna kuma da tasu fahimta a kansa. Sai a saurari baƙo cikin ladabi, a karɓi magani, a yi godiya, in la'asar ta yi a tashi a yi alwala. An samu waɗanda suka karɓi addinin, har suka kafa majami'unsu da fastocinsu ƴan ƙasa, amma bayan shekara ɗari Kiristocin Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Duk mai zuwa da niyyar girbi cikin damina guda, gara ya san wannan lissafi kafin ya hau jirgi.

Rinaudo an ɗora masa aikin dashen itatuwa. Farin shekarun 1970 ya bar karkarar Maraɗi fayau, iska tana binne shuka da rairayi har manomi ya maimaita shuka sau biyu ko uku. Ya yi abin da kowace furoje ke yi a wancan zamani: a reni ƴan itatuwa cikin leda, a loda a mota, a kai ƙauye a dasa. Awaki suka ci, gara ta ci, rana ta ƙone saura. Manoma kuma ba su ɗauki abin da zafi ba, kuma suna da hujja. A bisa dokar daji ta lokacin icce na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonar mutum ya tsiro, mai gona na iya shan tara in ya sare shi. Wa zai yi wahalar renon abin da zai jawo masa ma'aikacin gandun daji har gida? Ban da haka, malaman gona sun daɗe suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal.

Shi da kansa ya sha ba da labarin ranar da al'amarin ya juya, cikin 1983. Yana kan hanya da lodin dashe, ya tsaya rage iskar tayoyi saboda rairayi, zuciyarsa ta karaya har ya roƙi Ubangiji ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya wuce sau dubu. Da ya duba ganyen, ashe icce ne da aka sare, kututturen yana raye, saiwarsa tana can ƙasa tana shan ruwa. Kowace shekara yana tohowa, kowace shekara ana sassabe shi a ƙone. Kalgo, sabara, geza, magarya, gawo, ga su nan birjik ƙarƙashin gonaki. Abin da ake bukata wuƙa ce kawai: a zaɓi rassa ƙalilan masu ƙarfi a bari, a datse saura, a kiyaye su daga dabba. Wannan shi ne abin da ake kira sassaben zamani.

Mutane ƙalilan suka yarda da farko, sauran suka ɗauke shi mahaukaci. Sai ga yunwar 1984, wadda talakawa suka laƙaba wa sunan Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da ya zo daidai da ita. Tsofaffin ƴan kasuwar Maraɗi ba su manta ba. Mishan ta shiga rabon cimaka a ƙauyuka kusan ɗari, bisa sharaɗin mutum ya bar itatuwa a gonarsa. Mai yunwa ba ya gardama, aka bari. Da rumbuna suka cika aka daina rabo, wajen kashi biyu cikin uku na waɗannan itatuwa suka sha gatari.

A nan ne ɗan mishan ya gamu da tsohuwar matsalar sana'arsa, wadda ta shafi icce kamar yadda ta shafi aƙida. Abin da mutum ya karɓa don tiyar hatsi, ranar da tiya ta ƙare yake mayar da shi. Zargin da ake yi wa mishan ke nan tun zamanin Faransawa, cewa magani da makaranta ƙugiya ce mai tsutsa a baki, kuma ba kullum zargin yake rasa tushe ba. Waɗanda suka riƙe itatuwansu bayan yunwa ba don baƙo suka riƙe ba. Sun ga hatsinsu ya tsira daga iska, mata sun huta da tafiyar rabin yini neman makamashi, tumaki sun samu ƴaƴan gawo da rani, har ana kai ƙirare da itacen wuta kasuwa. Maƙwabci ya leƙo ta kan iyaka ya gani, ya kwaikwaya, ba tare da kowa ya yi masa wa'azi ba.

Jaridun Turai sun so su mayar da labarin na mutum guda, musamman bayan da Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Wannan rashin adalci ne ga manomi. Kiyaye gawo ya girmi mishan nesa ba kusa ba: tun ƙarni na 19 ake ba da labarin tsananin Sarkin Damagaram Tanimun a kan mai sare shi, kuma dazuzzukan gawo na Matamai da Magarya da Mirya manoman wurin ne suka raya su. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin ƙasar, abin da ya fi ƙarfin kowace ƙungiya. Rabon baƙon shi ne ya zauna shekara 17 zuwa 18, ya ji Hausa, ya yarda cewa abin da ya ɗauko a mota bai yi ba. Masu zuwa ziyarar bishara ta mako biyu ba su da lokacin da za su yi kuskure balle su gyara shi, kuma tun sace wani Ba'amurke ɗan mishan a Abalak a 2016, wanda bai kuɓuta ba sai 2023, yawon Bature ƙauye ƙauye ya zama abin tsoro.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999. Sai a 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta amince cewa iccen da manomi ya raya a gonarsa ta hanyar sassaben zamani, shi ke da ikon cin moriyarsa.