Yaron da ya iya canji a kasuwa bai kamata lissafi ya gagare shi a aji ba

A Korahane, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maradi, yarinya ƴar shekara bakwai za ta ɗauki tallan gyaɗa, a miƙo mata dala ashirin, ta cire dala biyar kuɗin kayanta ta maida canji babu kuskure. Washegari a aji malam ya rubuta 100 a allo ya ce a cire 25, ta yi tsuru-tsuru. Alhali lissafin da ta yi jiya ke nan: dala ashirin ita ce sefa 100, dala biyar kuma 25. Tana aiki da ninkin biyar kullum, ba wanda ya taɓa gaya mata.

Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma da ke kammala firamare ko ɗaya bai cika ba wanda ya kai matakin da ake nema a lissafi. An yi ta ɗora laifin kan ƙarancin littattafai da cunkoson aji, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai akwai abin da ba ya bukatar ko sisi, wato wasannin da yaran suka riga suka iya.

Ga dara. Gurbi talatin ake haƙawa a ƙasa, layi biyar kowanne da shida, kowa ya riƙe ƴaƴa goma sha biyu, wani tsinke wani tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Malamin da ya sa ƴan aji biyu suka haƙa gurabun da hannunsu, ya ce su faɗi adadin ba tare da ƙirga ɗaya-ɗaya ba, ya koyar da biyar sau shida. In ya ce a ƙara layi guda a sake faɗa, an shiga shida sau shida. Carafken ƴan mata ma haka: ana kwasar duwatsu ɗaya-ɗaya, sannan biyu-biyu, sannan uku-uku, a ga abin da ya saura. Rabawa ke nan, har da ragowarta.

Amma ba kowane wasa ne darasi ba. Wasan da za a ci shi da saurin ƙafa ko ƙarfin murya, lissafin ya zama ado kawai. Sai an tsara ƙa'ida ta yadda wanda ya ƙirga daidai shi ne mai nasara, a kuma kasa yara huɗu-huɗu ko biyar-biyar don kada gwanaye biyu su mamaye fili. Kasuwar aji ta cika wannan sharaɗi: marafan kwalba su zama kuɗi, yashi ya zama hatsin da ake aunawa da tiya, mai saye ya yi ciniki da dala, mai sayarwa ya rubuta farashin da sefa a ƙaramin allonsa. Wanda ya ba da canji ba daidai ba ya tashi daga rumfa.

Ƙungiyar Pratham ta Indiya da ɗaurin tsinke goma-goma take koya wa yara gomomi da ɗaiɗai, kuma dabarar ta bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama. Karan geron da za a yi irin wannan ɗauri da shi kuwa ba ya yankewa a Korahane.

Maganar koyarwa da harshen gida ma ba sabuwa ba ce. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma Hausa ta zama harshen ƙasa. Ɗan Bafillace ko Buzu da ke aji ya ƙirga da harshen gidansu tukuna, lambar da ke allo dai ɗaya ce.

Kira ga sufetocin ilimi na Dakoro da kwamitocin iyaye: a ware wa ƴan aji ɗaya da biyu rabin awa kowace rana don irin waɗannan wasanni, a kuma gayyato dattawan da suka ƙware a dara su zauna da malamai a tsara su tare.