Wa Ya Kori Yaron Nan?

Jama'a talakawa da 'yan kasuwa, ku tuna 2016, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir a Kura da Kadawa, har kamfanin Dangote ya tsai da aiki, kwando ya gagari mai miya. Wa zai gano makasar tsutsar nan in ba ɗanku da ya karanci ilmin halittu ba? To, ku dubi yadda ake yi da shi. Ya gama digiri da kuɗin geron ubansa, ya shiga bincike, kuɗin motar zuwa gona ma daga aljihunsa. A 2022 jami'o'i suka rufe wata takwas cur, aikinsa ya tsaya. Ingila ta yafuto shi, ya tafi, manya kuma suna cewa ba shi da kishin ƙasa! Ku tare ɗan majalisarku ku tambaye shi nawa aka ware wa tashar bincike ta Kadawa.