Me ya sa Fada zai fara da falsafa?

Duk wanda ya ratsa Dutse Alhaji ranar Lahadi da safe ya ga yadda majami'u ke cika makil, da yawa daga cikin masu ibadar kuwa ma'aikatan gwamnati ne da tsadar haya ta koro daga tsakiyar Abuja. A bakin wasu mabiya ɗarikar Katolika ake jin ƙorafin: jama'a na ƙaruwa, ana bukatar limamai, don me za a tsare saurayi shekara da shekaru yana fama da Aristotle kafin ya taɓa littafin tauhidi?

Ban bi wannan ƙorafi ba. Sashe na 250 na dokar cocin ya wajabta shekara biyu na falsafa da huɗu na tauhidi, a Najeriya kuwa falsafar kan kai shekara huɗu. Ba ɓata lokaci ba ne. Fadan da zai yi wa'azi a unguwar da Musulmi da Kirista ke shan ruwan rijiya ɗaya, inda jita-jitar WhatsApp kan riga shi isa coci, tilas ya iya rarrabe hujja da zato. Wanda bai koyi auna magana ba, harshensa ashana ne a tsakiyar rani. Mu da muke rubuta wa manya takardu mun sha ganin abin da gurguwar hujja ke jawowa, balle a kan mumbari.

Nawa ƙorafin daban ne. Thomas Aquinas, wanda ɗaliban makarantar St Paul ta Gwagwalada da ta St Augustine a Jos ke daɗewa a kansa, ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd, ya karɓi wasu maganganunsu, ya yi jayayya da wasu. A nan gida ma, Shehu Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare ilimin mantiƙi sa'ad da Suyuɗi ya haramta shi. Ɗalibin da ya san Descartes na Faransa amma bai taɓa jin wannan muhawara ba, ya san nesa ya jahilci maƙwabcinsa.

Jami'ar Veritas, mallakar bishop-bishop na Katolika, tana nan Bwari, ƙaramar hukumar da Dutse Alhaji ke ciki. Ba abin da zai hana ta zaunar da waɗannan ɗalibai da malaman zaure masu karantar da mantiƙi, ko da sau ɗaya ne a zango, a yi zaman da Hausa.