TSAKANINMU MATA: Daga Legas Zuwa Dakar, Ruwa Ke Riƙe Da Agogo

 

Yau dai ba zancen kishiya ko lefe za mu yi ba. Zancen tafiya ne, tafiya kuwa mai nisa. Kun san mu marubuta da son kai amarya da ango yawon shaƙatawa. A shafi ɗaya sun shiga mota, a shafi na gaba har sun isa bakin teku suna shan iska. To a zahiri abin ba haka yake ba. Shi ya sa na ce bari mu zauna mu tsara irin wannan tafiya tun daga tushe, ko da wata rana maigida zai ce, "Ke shirya, za mu bi gaɓar teku a mota daga Legas har Dakar ta ƙasar Senegal."

Da farko ki san girman abin da kika ɗauko. Hanyar nan ta kai kusan kilomita 4,000. Za ku taka ƙasashe 11: Nijeriya, Binin, Togo, Gana, Kwaddibuwa, Laberiya, Saliyo, Gini, Gini Bisau, Senegal da Gambiya. Ita Senegal ma sau biyu za ku shige ta, domin Gambiya a cikin cikinta take kwance, kamar harshe a cikin baki. Kin ga ke nan sau 11 za ku tsaya gaban jami'an kan iyaka. Tab! Wannan ba tafiyar Kano zuwa Zariya ba ce.

Sai batun takardu. Dukkan ƙasashen nan 'yan ƙungiyar ECOWAS ne, wadda aka kafa a Legas a 1975, kuma yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga 'yar'uwarta ba biza har tsawon kwana 90. Amma rashin biza ba shi ne rashin takarda ba. Ki tanadi fasfonki da katin allurar rigakafin shawara, wannan mai launin rawaya. Shi kuma mai tuƙi ya riƙe lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardun mota, da inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, sannan a kowace iyaka kwastan za su nemi a yi wa motar takardar izinin shiga. Don Allah 'yar'uwa, fasfonki da katinki su zauna a jakarki, ki kuma riƙe kwafin nasa. Ba rashin yarda ba ne. In jaka ɗaya ta ɓata, kada ta tafi da ku duka biyu.

Kuɗi ma kala bakwai za ki taɓa: naira, sefa, sidin Gana, dalar Laberiya, liyon na Saliyo, faran na Gini da dalasin Gambiya. Sauƙin abin shi ne sefa ɗaya ce ake kashewa a Binin, Togo, Kwaddibuwa, Gini Bisau da Senegal. Ki tambayi farashi wurin 'yan canji biyu ko uku kafin ki miƙa kuɗinki, ki kuma ƙulle wani abu a gefen zani wanda ba ya cikin lissafin kowa.

Kashin farko na tafiyar, daga Legas zuwa Abijan, shi ne mai daɗi. Kilomita dubu ne da 'yan kai. Za ku fita ta Seme ku shiga Kwatano, ku wuce Lome, ku tsallaka Gana ta Aflao, ku bar ta ta Elubo. Da kun shiga Togo sai ki mayar da agogonki baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Dakar. A wannan yanki ba za ki yi kewar gida sosai ba, don akwai zango a Kwatano da Lome, ga unguwar Nima a Ankara, inda za ki ji Hausa raɗau ki ci tuwo da waina. In kun isa Elmina ku tsaya ku ga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Wurin yana sa jikin mutum ya yi sanyi.

Daga Abijan zuwa gaba ne labari ke canzawa. Hausa za ta fara ƙaranci, manyan koguna su yawaita, ga yankin Laberiya da Saliyo da Gini da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, musamman a Yuli da Agusta. Mai hankali da rani yake wannan tafiya, tsakanin Nuwamba da Maris.

To ga inda nake son ki buɗe kunne da kyau, wato batun fito. A kan titi direba ne sarki, ya ga dama ya taka, ya ga dama ya tsaya. A bakin ruwa kuwa ba shi da ta cewa. Jirgin fito yana da lokacinsa, yana da layinsa, wata rana injinsa ya ƙi, wata rana igiyar ruwa ta hana. A Saliyo akwai jirgin da ke ɗaukar motoci daga Firitawun zuwa tsallaken Lungi, inda filin jirgin samansu yake, in kuma ba ku so sai ku zaga ta titi. A Gambiya akwai mashahurin fiton Banjul zuwa Barra, a bakin da kogin Gambiya ya shiga teku. Can cikin ƙasa kuma, kusa da Farafenni, an buɗe gadar Senegambiya a Janairun 2019, wadda ta raba direbobi da jiran kwana da kwanaki da suke yi a da. Saboda haka kuna da zaɓi biyu: ku bi layin jirgi, ko ku yi zagaye ku hau gada.

Shawarata ita ce, duk ranar da akwai fito a gabanku, kada ku ɗora mata wani buri. Ku isa mashigi da sassafe, ku yanki tikitin mota da na mutane, ki tanadi ruwan sha da ɗan dambun nama ko ƙuli-ƙuli. In an loda mota a ja birkin hannu, ke kuma ki duba inda rigunan ceto suke tun kafin jirgi ya tashi.

Abu mafi muhimmanci, kada gajiya ta sa ki yarda da abin da idonki ya ƙi. A gefen mashigin Banjul akwai kwalekwale masu inji da ke kiran fasinja in layi ya yi tsawo, har ƙarti ne ke saɓa mutum a kafaɗa su kai shi ciki. In kin ga an cika jirgi maƙil, ko hadari ya haɗo, ko dare ya kawo jiki, ki ce a'a. Ko maigida ya ɓata rai, ki lallashe shi da murya mai taushi, amma ki tsaya a kan a'arki. A ranar 26 ga Satumba 2002, jirgin ruwan Joola da ya taso daga Ziganshor zuwa Dakar ya kife a tekun da ke daura da Gambiya. Ya ɗauki fiye da ninki uku na mutanen da aka ƙayyade masa. Sama da rai 1,800 suka salwanta, cikinsu har da mata da yara da ɗalibai masu komawa makaranta, mutum 64 kacal suka tsira. Wallahi kwana ɗaya a masauki ya fi sauri irin wannan. Hausawa dai sun gama magana, sauri ya haifi nawa.

In kun tsallaka Barra lafiya, sai iyakar Karang, sai Kaolak, sai ga Dakar. Nan ma akwai fito ɗaya da ya rage, amma na nishaɗi: ku ajiye mota ku hau ƙaramin jirgi zuwa tsibirin Gore, tafiyar kamar minti 20, tsibirin da ba a hawa mota a cikinsa.

Ke 'yar makaranta, kada ki ce wannan zance ya fi ƙarfinki. Ɗauko taswirarki ta darasin labarin ƙasa ki bi garuruwan nan da yatsa, ki kuma daina gudun ajin Faransanci, don ƙasashe biyar a hanyar nan da shi ake magana. Ranar da tafiya ta zo, ke za ki karanta allon hanya, ke za ki yi ciniki, a maimakon ki zauna a kujerar gaba kamar kayan lefe.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, ina karanta kowace ɗaya.

Taku har kullum.