Tsohon harsashi bai mutu ba

Kwanan baya wani ɗalibina ya shigo aji da harsashi cikin aljihu, wai a bola ya tsinto shi. Da na karɓe sai ya ce: “Mushe, ai tsoho ne, ya mutu.” Maganar nan ta hana ni barci.

Akwai harsashin da sojojin Amurka suka yi yaƙin duniya na biyu da shi, ana ce masa M2 AP, mai baƙin fenti a baki. A cikin rigarsa ta tagulla akwai ƙwayar ƙarfe mai tsananin tauri, ita ke huda farantin ƙarfe mai kaurin wajen santimita 1 daga nisan mita 90. Yaƙin ya ƙare tun 1945, amma har yanzu da harsashin nan ake gwada sulke mafi ƙarfi a Amurka. To, ina ga ƙyauren langa-langa ko ƙofar mota?

A ganina laifin namu ne, mu manya. Muna jan kunnen yara kan rijiya da maciji, amma mun yi shiru kan wannan. Harsashin da bai sha ruwa ba yakan yi shekaru masu yawa albarushinsa na nan da rai, ga yaranmu kuma suna yawon tsintar ƙarfe don saidawa.

Malamai da iyaye, mu faɗa musu a fili: kada su ɗauka, kada su buga da dutse, kada su jefa cikin wuta. Su kira babba, shi kuma ya sanar da jandarma.